Bambancin maza da mata wajen magana a ƙungiyoyin tallafin masu ciwon daji

Ƙungiyar tallafin masu ciwon daji haɗuwa ce ta majinyata da waɗanda suka warke, wani lokacin har da iyalansu, domin musayar bayani da ƙarfafa wa juna gwiwa, ko dai gaba da gaba ko ta intanet. Tun shekarun 1990 masana jinya da na zamantakewa ke nazarin yadda maza da mata ke magana a irin wannan zama. Yawancin binciken ya kwatanta mata masu sankarar mama da maza masu sankarar furostet, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Waɗannan biyun suna cikin nau'o'in ciwon daji mafiya yawa: a 2022 an ƙiyasta sababbin masu sankarar mama miliyan 2.3 a duniya, masu ta furostet kuma kusan miliyan 1.5.

Asali

Mata ne suka fara. A 1952 Terese Lasser, wadda aka cire wa mama, ta kafa shirin Reach to Recovery a Amurka, inda macen da ta warke ke ziyartar wadda aka yi wa tiyata. Ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka ta karɓi shirin a 1969. Sai a 1990 maza masu sankarar furostet suka kafa Us TOO a Chicago. Da Ross Gray da abokan aikinsa suka duba ƙungiyoyin ɓangarorin biyu a Kanada a 1996, sun tarar taron maza ya fi karkata ga neman ilimi, a gayyato likita ya yi bayani a yi masa tambayoyi, na mata kuwa ya fi ba da muhimmanci ga kusanci da faɗin abin da ke cikin zuciya.

Abin da bincike ya nuna

Paula Klemm da tawagarta sun ƙirga saƙonnin da majinyata ke aika wa juna ta intanet a 1999, suka ga maza sun fi bayar da bayani, mata sun fi bayar da lallashi da ƙarfin gwiwa. A 2006 Clive Seale da Sue Ziebland da Jonathan Charteris-Black a Birtaniya suka bi kalmomin da kowane ɓangare ya fi maimaitawa. Zancen maza ya tattara a kan gwaji da magani da likitoci da sashen jikin da ya kamu. Na mata ya faɗaɗa zuwa 'ya'ya, ƙawaye, tsoro, da yadda cutar ta taɓa rayuwa gaba ɗaya.

Sai dai wannan rabin labarin ne, kuma kuskure ne a tsaya a nan. Gooden da Winefield a Ostiraliya sun gano a 2007 cewa neman bayani ne ya fi yawa a wurin mata da maza baki ɗaya, kuma mazan ma suna lallashin juna, salon ne ya bambanta: sukan sa barkwanci, su yi maganar cutar kamar abokin gaba da ake yaƙa. A 2009 Phoenix Mo da Sumaira Malik da Neil Coulson suka tattara binciken da aka yi, suka lura bambancin ya fi fitowa inda jinsi ɗaya ne kawai ke zama, yana kuma dusashewa idan maza da mata suka haɗu.

Dalilai

Babbar matsalar wannan kwatance ita ce ana auna jinsi biyu da cuta biyu a lokaci guda. Mai sankarar furostet sau da yawa shi ake bar wa zaɓi: tiyata, ko ƙona ƙwayoyin cutar da haske, ko a ci gaba da sa ido ba tare da an taɓa komai ba. Kowane zaɓi na da abin da zai iya jawowa, musamman yoyon fitsari da raunin mazakuta. Wanda aka ɗora wa wannan nauyi dole ya riƙa tambayar sakamakon gwajin PSA (gwajin jini da ake bibiyar cutar furostet da shi) da ma'aunin Gleason (makin da ke nuna tsananin ƙwayoyin sankarar). Kuma cutar ta fi kama dattawa, yayin da sankarar mama kan kama mace tana da ƙananan yara, tana fama da zubar gashi da sauyin sura, don haka ba abin mamaki ba ne zancenta ya shiga cikin gida.

Tarbiyya ma na da nata rabo. A al'ummomi da dama ana rainon namiji a kan haɗiye damuwa. Amma mutumin da ya zauna ya rubuta wa baƙon da bai taɓa gani ba dogon bayani kan yadda fitsarinsa ya daidaita bayan tiyata, ba bayani kaɗai ya ba shi ba. Ya nuna masa cewa ana wuce wannan mataki a rayu. Mai ƙirgar kalmomi zai sa wannan a layin bayani, alhali tausayi ne tsantsa. Haka kuma matan aure da 'ya'ya mata kan shiga ƙungiyoyin masu furostet a madadin mazajensu da iyayensu, abin da ke ƙara rikita lissafin.

Waɗanda aka bari a baya

Kusan kashi 1 cikin 100 na masu sankarar mama maza ne. Irin wannan majinyaci kan tarar an tsara komai domin mata, daga takardun wayar da kai har zancen da ake yi a zama, kuma hakan na iya sa shi ja da baya a lokacin da ya fi buƙatar abokin magana. Sankarar huhu da ta hanji suna kama maza da mata duka, saboda haka a ƙungiyoyinsu ne za a fi iya bambance abin da jinsi ya haifar da abin da cutar ta haifar.