Me kuke nema a kunnen jaririya?

Ranar rigakafi ce, layi har bakin ƙofa, wata matashiya ta miƙo mini 'yarta 'yar wata huɗu in ɗora a sikeli. Ina warware zanin na ga abin da na gaji da gani. Fatar yarinyar tana sheƙi kamar leda, ƙananan jijiyoyi sun fito raɗau a kumatu, wuya da matsematsi duk sun saɓule sun yi ja. Fuska fari fat, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙaƙe. Na ce, "Ƙanwata, me kike shafa mata?" Ta ce man kaɗanya ne kawai. Na yi shiru ina kallonta. Can ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, akwai ɗan wani man ƙuraje da nake matsawa a ciki. Kakarta ce ta ce tun yanzu ake gyara yaro."

Gyara! Yarinyar da Allah Ya kawo lafiyayya, da idonta da kunnenta da yatsunta goma, wai ita ce take jiran gyara.

Ban yi wa uwar faɗa sosai ba, don na san ba ita ta fara ba. An fara ne tun ranar da aka haifi yarinyar. Duk wadda ta taɓa zuwa barka ta san abin da nake nufi. Kafin a tambayi mai jego yadda ta kwana, wata gwaggo ta karɓi jaririya, ta lanƙwasa kunnen, ta duba gindin farce, sannan ta taɓe baki ta ce, "Kayya, wannan jan na haihuwa ne, baƙa za ta yi, dangin ubanta ta biyo." A yi dariya, a ci gaba da hira. Mai jego tana kwance, jinin haihuwa bai ma tsaya mata ba, an riga an shaida mata cewa abin da ta haifa yana da naƙasa. Iyayena mata, don girman Allah me kuke nema a kunnen nan? In kun gano baƙa za ta yi, mayar da ita za a yi?

Wannan ɗabi'ar ce ta sa na zauna rubutun nan. Man bilicin kowa yana zaginsa, a rediyo ma an yi ta magana. Amma bakin da ke tura mace ga man, ba mai taɓa shi, saboda bakinmu ne. Mu ne muke cewa "farar mace alkyabbar mata". Mu ne muke cewa "fara ko mayya ce". Mu ne idan yara biyu suka yi faɗa a tsakar gida muke jin ɗaya ta ce wa ɗaya "baƙa mummuna", mu yi kamar ba mu ji ba. Ko lallashin da muke yi, duba shi da kyau: wai daga baƙar tukunya ake fitar da farin tuwo. Wato dai ita tukunya ce, abin kirkin shi ne farin da zai fito daga cikinta. Yarinya ba ta kai shekara bakwai ba ta haddace wannan karatun tsaf, ba tare da an kai ta makaranta ba.

Akwai wata baƙar fata 'yar Amurka, masaniyar halayyar ɗan Adam, Mamie Clark. A shekarun 1940 ita da mijinta Kenneth Clark sun riƙa ajiye wa yara baƙaƙen fata 'yan shekara uku zuwa bakwai 'yartsana iri ɗaya sak, launi ne kawai ya bambanta, suna tambayarsu wacce ce kyakkyawa, wacce suke so su yi wasa da ita. Mafi yawansu fara suka nuna. Wannan binciken yana cikin abin da aka gabatar a shari'ar da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1954, wadda ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe. Can dokar ƙasa da wariya ce ta koya wa yaran ƙin fatarsu. Mu nan babu dokar da ta raba mu, babu wanda ya hana baƙar yarinya zama a aji. Mu da kanmu muke yi wa 'ya'yanmu wannan aikin, kyauta, a ɗakin uwarsu.

Kuma ciwon ba a fata yake tsayawa ba. Wata baiwar Allah ta yi ta zuwa wurinmu da ciwon kai da rashin barci da faɗuwar gaba. An gwada zazzaɓin cizon sauro babu, an auna jini lafiya. A zuwa na uku ne, da layi ya ragu, na ja kujera na zauna kusa da ita na ce, "Yaya, me ke damunki ne?" Sai hawaye. Ashe shekara biyu ta yi tana aikatau a wata ƙasar Larabawa. Yaran gidan ba su taɓa kiran sunanta ba, "abda" suke ce mata, wato baiwa. Kofinta daban, cokalinta daban, in ta taɓa abu sai an sake wankewa. Ta ce duk wannan ta shanye, don ta san ranar dawowa tana zuwa. Abin da ya karya ta shi ne ranar da ta sauka gida, 'yan uwa suka taru, magana ta farko da ta fito daga bakin ƙanwar babanta ita ce, "Ke kuwa kin je ƙasar hutu amma ko ɗan haske ba ki yi ba?" Washegari ta aika aka haɗo mata mai.

Na kasa cewa komai na ɗan lokaci. Mace ta sha wulaƙanci a hannun bare saboda launinta, ta dawo inda ya kamata a rungume ta, sai ta tarar da wulaƙancin ya riga ta isowa gida, da Hausa. Irin waɗannan matan suna da yawa, kuma ba sa faɗa, don in sun faɗa cewa ake "ke ma kin cika ɗaukar magana, wasa ne fa". Wasan da ke hana mutum barci ba wasa ba ne. Idan 'yarki ko ƙanwarki ta ce maganar launinta tana yi mata ciwo, ki rufe baki ki saurare ta. Kada ki ce mata "ai baƙi ma kyau ne". Wannan "ma" ɗin ita ce matsalar.

Man kuwa, ba sai na yi dogon bayani ba, kun yarda da mu tun da kuke kawo mana 'ya'yanku. Abu uku ne galibi a ciki. Akwai sitiroyid irin su clobetasol da betamethasone, magani ne na gaske da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki, amma in aka mai da shi man shafawa sai fata ta sirance, nankarwa ta tsattsage jiki, ƙyasbi da makero su samu wurin zama, hawan jini da ciwon suga su biyo baya. A jikin jariri ya fi muni, don fatarsa na zuƙe shi da sauri. Kumatun nan da kuke murna sun cika, wani lokacin kumburin magani ne. Akwai hydroquinone, wanda ƙarshensa baƙin tabo ne a kan kunci mai wuyar fita, ga shi an gudu daga baƙi an faɗa wanda ya fi shi. Sai makuri, ƙarfen nan mai guba da ke lalata ƙoda da jijiyoyi, yana kuma ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Wanda ake haɗawa a kasuwa a zuba a roba babu ko takarda kuwa, ita kanta mai haɗin ba ta san adadin abin da ta zuba ba.

Ku tambayi duk ungozomar asibiti ko mai aikin tiyata yadda ɗinki ke kasancewa a fatar da ta sha bilicin. Ana sa allura tana yagewa kamar tsohon zani. Matar da ya kamata ciwon tiyatarta ya kame cikin kwanaki, sai ta yi makonni tana zaryar wankin ciwo, ga jariri a hannu.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata, mu ne a gaba, Togo na bin mu da kashi 59. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayukan a 2015, Ruwanda ma ta bi shaguna tana kwashewa, a nan gida NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta daɗe tana gargaɗi. A 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar nan da ɗan sanda ya kashe a Amurka, da zanga-zangar da ta biyo baya, har kamfanin da ke yin man hasken fata na Fair & Lovely ya ji kunya ya sauya sunan zuwa Glow & Lovely. To an sauya suna, an kafa doka, an kwashe kaya. Ni dai layina bai ragu ba. Ta yaya zai ragu, alhali saurayi yana aiko wa 'yar uwarsa cewa a nemo masa fara, kuma uwar miji tana auna amarya da ido tun daga bakin ƙofa?

Maza, da ku nake yanzu. Kai ne kake yaba farar maƙwabciya a gaban matarka, kai ne kake ba da kuɗin "kayan gyara" ba ka tambayi ko mene ne ba, sannan ranar da fuskarta ta ƙone kai ne na farko da zai ce ta zama kala biyu. Ba ka ji kunya ba?

Abin da ya fi ba ni mamaki, mu masu zuwa islamiyya ne. Mun karanta a Suratur Rum, aya ta 22, cewa bambancin harsunanmu da launukanmu yana cikin ayoyin Allah. Mun san Ummu Aiman, Bahabashiyar da ta reni Manzon Allah (SAW), uwar Usama ɗan Zaidu wanda ake kira masoyi ɗan masoyi. Mun san lokacin da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Duk mun sani. Amma a tashi daga karatu, a naɗe hijabi, a wuce gidan suna, a lanƙwasa kunnen jaririya.

Ba na ƙin ku, wallahi. Da yawanku ku ma haka aka yi muku kuna ƙanana, kuma tsoro ne yake sa ku, tsoron kada 'yarku ta rasa miji, kada a yi mata gorin da aka yi muku. Na fahimta. Amma tsoron naki a jikin jaririya yake ƙarewa, ita kuma ba ta da bakin cewa yana mata zafi.

Ga abin da nake so, a gurguje, don marasa lafiya na jira:

Jariri man kaɗanya ko man zaitun ko basilin zalla ya ishe shi, kada a matsa komai a ciki. Ƙurajen zafi ko na kunzugu, a kawo shi mu gani, kada a saya masa magani a kemis da ka. Wadda ta daɗe tana shafa mai ƙarfi kada ta yanke rana ɗaya, jiki na iya rikicewa, ta zo a tsara mata yadda za ta janye a hankali. Mai ciki da mai shayarwa su zo yau, ba gobe ba. Kumburin ƙafa ko fuska, ko fitsari mai kumfa, a zo a duba ƙoda. Duk wanda ya kira yarinya da "baƙa" don ya muzanta ta, a tsawatar a take, ko da kakarta ce, cikin ladabi amma a tsawatar, kuma a gaban yarinyar, don ta ji cewa akwai mai tsaya mata.

Ita matashiyar nan ta dawo bayan mako uku, wuyan yarinyar ya fara kamewa. Ta zo da kakar, kamar yadda na roƙa. Hajiya ta zauna ta ɗaure fuska, ta ce ita haka ta yi wa jikokinta biyar ba abin da ya same su. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki turo mini su biyar ɗin ranar Talata in duba su, a haɗo da robar man."