Waiwaye: Tarihin masana'antar kaɗin auduga ta Cromford

A shekarar 1771 ne Richard Arkwright, wanda ya fara neman abinci da sana'ar aski, ya kafa masana'antar kaɗin auduga a ƙauyen Cromford da ke yankin Derbyshire na ƙasar Ingila, tare da abokan jarinsa Jedediah Strutt da Samuel Need. Kafin nan ya gwada na'urarsa ta kaɗi a garin Nottingham da ƙarfin dawakai, amma ciyar da dabbobi na da tsada, shi ya sa ya koma neman ruwan da zai juya injin dare da rana ba gajiya.

Ruwan ya samo shi ne daga rafin Bonsall da kuma wata magudana da masu haƙar darma suka tona domin fitar da ruwa daga ramukansu. Ruwan magudanar yana da ɗan ɗumi, ba ya saurin daskarewa da sanyin hunturu, saboda haka aiki bai cika tsayawa ba. Ruwan ne ke juya wata ƙatuwar ƙafa ta katako mai kama da ƙafar keke, ita kuma ta motsa mazarai masu yawa a lokaci guda, aikin da a dā mace ɗaya ke yi da mazari ɗaya a ɗakinta.

Abin da bai kamata a manta ba shi ne waɗanda suka biya kuɗin wannan ci gaba da guminsu. Mafi yawan ma'aikatan mata ne da yara, har da 'yan shekara bakwai, ana karɓa-karɓa tsakanin masu aikin rana da na dare. A 1776 Arkwright ya ƙara masana'anta ta biyu, ya kuma gina wa iyalan ma'aikata gidaje a titin North Street, waɗanda har yau suna tsaye. Tsarin ya bazu, har Jamusawa suka kwaikwaye shi a Ratingen.

Bayan rasuwar Arkwright a 1792, masu haƙar darma suka buɗe wata sabuwar magudana a ƙasa da ta farko, ruwa ya ragu sosai, kuma a shekarun 1840 kaɗi ya tsaya. Daga baya an mai da wurin kamfanin haɗa launin fenti, abin da ya gurɓata gine-ginen. Ƙungiyar Arkwright Society ta saye shi a 1979 ta shiga gyara, sannan a 2001 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran masana'antun kwarin kogin Derwent.