Yadda Tsofaffin Motocin Kwana-Kwana Suka Fi Ƙarfin Masu Son Su a Amurka

A 'yan shekarun nan, masu tara tsofaffin motocin kwana-kwana a Amurka ba su da zancen da ya wuce ɗaya: mai mota ya tsufa, 'ya'yansa ba su da wurin ajiye ta, gidajen tarihi sun cika, ƙarshenta sai hannun 'yan gwangwan. Wasu na ɗora laifin kan matasa, wai ba su da sha'awa. Amma matsalar ta girmi waɗannan matasan.

Farkon labarin sananne ne. A 1958, a birnin Syracuse na jihar New York, wasu 'yan tsiraru suka kafa ƙungiyar SPAAMFAA don ceto motocin kashe gobara na da. Rassa suka bazu, aka riƙa yin taruka inda ake jera motoci a bakin kogi ana feshin ruwa. Motocin da suka fara ceto galibi na shekarun 1920 da 1930 ne, irin su Ahrens-Fox mai dunƙulen ƙarfe mai sheƙi a goshi, da Seagrave, da American LaFrance.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sauyin da ya biyo baya. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, ma'aikatun kashe gobara suka koma injin dizal, suka fara zubar da masu fetur a gwanjo. Mota mai lafiya, wadda ba ta ci hanya sosai ba, ana sayar da ita kamar kyauta. Nan ne masu wannan sha'awa suka yawaita, kowa ya ja tasa zuwa gida. Saye ya zo da araha, riƙo kuwa shi ne aikin, kuma nauyin riƙon duk ya faɗa kan mutum ɗaya da garejinsa.

A duba abin da riƙon yake nufi. Babban injin American LaFrance mai silinda 12 yana da filogi biyu a kowace silinda, wato filogi 24 za ka duba. Famfon da ke tura galan 750 a minti, kimanin lita 2,800, dole a tsiyaye shi tas kafin sanyi. Ruwa kaɗan ya kwana a ciki ya daskare, sai gangar famfon ta tsage, ga shi ba a ƙera irinta yanzu. Idan kuma aka bar shi a bushe shekara da shekaru, igiyar da ke toshe bakin sandar famfo ta ƙeƙashe, ya riƙa shaƙar iska, ya kasa jawo ruwa daga kogi. Tankin galan 500 yana ɗaukar ruwa kusan tan biyu, kuma tsatsa daga ciki take cin sa, ba ka gani sai ya fara ɗiga. Fetur mai gaurayen itanol da ake sayarwa yanzu yana cin tsohuwar roba, yana tara danshi a tanki. Taya kuwa zanenta na nan sabo fil, amma shekaru sun kashe ta.

Daga nan abin ya riƙa ƙaruwa da kansa. A jihohi da dama mota mai shekara 25 ta cancanci lambar tsohuwar mota, don haka kowace shekara sabon rukuni ke shigowa, kuma kowane rukuni ya fi na baya girma. Ƙa'idojin tsaro na 1991 da suka wajabta rufaffen mazauni ga 'yan kwana-kwana sun sake turo wasu motocin kasuwa. Waɗannan masu birkin iska ne, da yawansu sun haura tan 11.8, nauyin da a nan ne batun lasisin manyan motoci yake farawa, kuma ƙofar garejin gida ba ta ɗaukarsu. Mai irin wannan mota sai ya yi hayar sito ko ya bar ta a fili ƙarƙashin tamfol, inda danshi ke taruwa ya ci fenti da wayoyin wuta cikin 'yan shekaru.