Tashar jirgin ƙasa ta Yamai da layin Doso: ga amsoshin, a daina maimaita tambaya

Da gaske akwai tashar jirgin ƙasa a Yamai?

Akwai, kusa da filin sukuwa. Ranar 7 ga Afrilu 2014 aka buɗe ta, zamanin shugaba Mahamadou Issoufou, kuma ita ce ta farko a tarihin Nijar.

Jirgin ya taɓa tafiya kuwa?

Ya yi tafiyar gwaji da ta biki. Jigilar yau da kullum, ta fasinja ko ta kaya, bai taɓa farawa ba.

Ina layin ya tsaya?

Doso. Kilomita 143, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, aka ƙaddamar a Janairun 2016.

To ai an gama, me ya hana shi aiki?

Wa ya ce an gama? Ƴan uwa, ku riƙa duban taswira kafin ku yi magana. Ba don Doso aka yi layin ba, don tashar ruwa ta Kwatano, a ƙasar Binin, aka yi shi. Dogon da Faransawa suka taso da shi daga Kwatano ya tsaya a garin Faraku, cikin Binin, tun 1936, kilomita 438, daga nan kamyo ke ɗaukar kaya. Tsakanin Faraku da Doso, ta Malanbil da Gaya, ko taku ɗaya na ƙarfe babu. Kamfanin Petrolin na Samuel Dossou ya kai ƙara cewa shi aka fara bai wa aikin, kotun Binin ta dakatar da Bolloré a ƙarshen 2015, aikin ya tsaya cak. Layin da ba ya kai wa teku, wane kaya zai ɗauka?

Idan an samu kuɗi, ba sai a share dogon a ɗora jirgi ba? Ko a haɗa shi da na Kano zuwa Maraɗi?

Ya danganta, kuma duk wanda ya ba ku amsa da kalma ɗaya bai taka layin da ƙafarsa ba.

A fara da faɗi. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe a layin Doso milimita 1,000 ne, daidai da na Binin. Wanda ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi 1,435 ne. Tarago ɗaya ba zai bi duka biyun ba. Ko dai a riƙa juye kaya daga jirgi zuwa jirgi a mahaɗa, ko a tone layin a sake shimfiɗa shi, wanda ke nufin sababbin ginshiƙan da ake kwantarwa ƙarƙashin ƙarfe, ƙarin faɗin hanya, wataƙila har da gadoji.

Ko da za a bar faɗin yadda yake, dogon da ya shekara goma a yashe ba a yarda da shi da ido. Ƙarfe na miƙewa da zafi: kilomita ɗaya na ƙaruwa da kusan milimita 11 a kowane digiri, wato fiye da santimita 30 idan zafinsa ya tashi da digiri 30, abin da ba baƙo ba ne a watan Afrilu. Tsakuwar da ke danne layin da maɗauran ƙarfen su ke hana shi lanƙwashewa. Inda ruwan damina ya kwashe tsakuwa, ko rairayi ya cike ta, ko aka kwance ƙusoshi, nan zai karkace, kuma nan jirgi ke sauka daga kan dogo. Dole a auna faɗi da daidaito taku-taku, a duba tsaga a jikin ƙarfe, a leƙa kowace magudanar ruwa. Mai yiwuwa wani yanki ya tsira, wani kuma gyaransa ya fi sabo tsada. Sai bayan awo za a sani.

Tunda ba ya aiki, laifi ne a ɗebi ƙarfen ko tsakuwar?

Haba malam! Sata ce. Kowace ƙusa da aka kai wa ƴan gwangwan, ƙari ce a kan kuɗin gyaran da ƙasa za ta biya.

Mu mutanen Tawa fa?

Layin bai nufi wajenku ba. Albasar Galmi kamyo zai ci gaba da ɗaukar ta.

Kenan an yi asara?

Kar ku karaya. An riga an fitar da hanyar an share ta, kuma wannan kaɗai aiki ne mai cin shekaru. Abin da ya rage babba shi ne Doso zuwa Faraku, da gadar jirgi a kan kogin Kwara wajen Gaya, kuma wannan sai Yamai da Kwatano sun zauna sun daidaita.