Ozon na ƙasa: gurɓatar iska da ke tsallaka teku

Ozon wani nau'in iskar gas ne. Wanda ke can sama, kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa, shi ke tare mana hasken rana mai ƙona fata. Wanda ke nan inda muke numfashi kuwa cuta ne. Ba ya fitowa kai tsaye daga salansar mota. Abin da ke fitowa daga injuna, masana'antu da gobarar daji shi ne oksaid na naitirojin, tururin fetur da fenti, kabon monoksaid da iskar mitan, sai hasken rana ya haɗa su su haifi ozon. Shi ya sa yake yawaita daga azahar zuwa la'asar.

Kusa da ƙasa oksaid na naitirojin ba ya daɗewa, amma ozon da ya hau sama yakan yi makonni, kabon monoksaid kusan wata 2, mitan kuwa kimanin shekara 10. Wannan ya ishi iska ta kwaso gurɓata daga gabashin Asiya ta tsallaka Tekun Fasifik zuwa yammacin Amurka cikin kusan mako guda.

Don bin sawunta, masana na raba sararin sama gida-gida a kwamfuta. Kowane gida ana saka masa hayaƙin da ake fitarwa, gudun iska, zafi da hasken rana, sannan a lissafa yadda sinadaran ke haɗuwa da inda za su nufa. Tsare-tsaren hasashen gurɓatar iska irin su CAMS na Turai da GEOS-Chem haka suke aiki, ana kuma gwada sakamakonsu da na'urorin awo da tauraron ɗan'adam na Sentinel-5P da aka harba a 2017. Kuskure yakan shigo ne idan alƙaluman hayaƙin sun tsufa, ko gidan lissafin ya yi faɗi har ya haɗe birni da ƙauye. Wannan na da muhimmanci, domin a bakin babban titi sabon hayaƙi yana cinye ozon, sai ya fi taruwa a bayan gari inda iska ta nufa, har ya rage amfanin alkama da waken soya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicinsa na awa 8 ya wuce maikirogiram 100 a kowace kubik mita. Ranar da hasashe ya nuna ya haura, masu asma, yara da tsofaffi su mayar da aiki mai wahala da motsa jiki zuwa safiya, mai asma ya riƙe maganin shaƙarsa kusa. Takunkumin ƙura ba ya tace ozon, don haka kada a dogara da shi. Idan tari da ƙuncin ƙirji suka ƙi lafawa bayan an shiga ɗaki, a je asibiti.