Soson tare zafi a saman silin: mai kauri ko siriri?

Aikin rufi nake yi a nan Kaduna, kuma daga watan Maris ya kama tambayoyin nan ba sa ƙarewa. To ga amsa, kowa ya karanta.

Wai da gaske yana rage zafi?

Eh. A gidan da ba bene ba, yawancin zafin ta kwano yake saukowa. Hau saman silin da ƙarfe biyu na rana a Afrilu ka ji.

Na yi POP, bai isa ba?

Bai isa ba. POP ado ne, siriri ne.

Inci 2 zan saka ko in ƙara kuɗi in saka inci 4?

Nan ne sai an zauna. Inci 2 na farko shi ke yin babban aikin, na biyun kuwa ko rabin zafin da ya rage yana shigowa ba zai gama tarewa ba, alhali kuɗin kaya ya kusa ninkawa. To Alhaji in kana kunna esi kullum a ɗakin, musamman da janareta ko sola, mai kaurin zai iya maida kuɗinsa a hankali, amma fa ya danganta da tagoginka, in bangon yamma na shan rana tun la'asar ba bishiya ba rumfa to ta can zafin zai biyo ya same ka. In fanka kawai gare ka ni dai sai in ce ka tsaya a inci 2, ragowar kuɗin ka buɗe kafofin iska a rufin, a sa musu raga saboda ɓera da jemage. Kuma shimfiɗawar ma magana ce, na taɓa hawa wani gida a Rigasa an sayi mai kaurin amma yara sun jejjefa shi duk giɓi tsakanin katako, ana ganin silin ta ƙasa. Wannan asara ce.

Ledar nan mai ƙyalli fa?

Tana aiki in an bar mata sarari a gefen mai ƙyallin. A matse ta tsakanin kwano da wani abu, an kashe ta.

Rufina na ɗan yoyo, in saka a haka?

Haba malam! Audugar gilas, wato wani irin soson nan, in ta jiƙe ta daina aiki, ta kuma ɓata maka silin. Gyara kwanon kafin damina tukuna. Shi kuma farin kumfan nan irin na kwalin firji yana cin wuta, kar ka yarda a bar waya tsirara kusa da shi, a sa ta cikin bututu.

Ba zai sa ɗaki sanyi da hunturu ba?

A'a Hajiya, kwantar da hankalinki, ɗumin ɗakin ma zai riƙe miki.