Ɓurɓushin Roba a Bakin Teku: Tambayoyi da Amsoshi

Ana iya share gaɓar teku tas, a kwashe leda da gora da tsofaffin takalma, amma yashin wurin yana nan cike da roba. Ido ne kawai ba ya kama ta, domin ta riga ta marmashe ta gauraya da rairayi. Wannan robar da ta zama gari ita ce ta fi tayar wa masana hankali a yau, kuma a kanta waɗannan tambayoyi suke.

Mene ne ɓurɓushin roba?

Duk guntun robar da tsawonsa bai kai milimita 5 ba, shi ake nufi. Manya a cikinsu ido na iya ganinsu idan aka kula, ƙanana kuwa sai da madubin ƙara girman abu. Masanin halittun ruwa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ne ya jawo hankalin duniya gare shi a 2004, bayan shi da abokan aikinsa sun tarar da zarurruka da gutsattsarin roba cikin yashin gaɓar tekun Birtaniya. Sun kuma duba tsofaffin samfuran da aka ɗebo daga teku tun shekarun 1960, suka ga yawansa na ƙaruwa yadda sarrafa roba ke ƙaruwa.

Ƙaruwar kuwa ba kaɗan ba ce. A 1950 robar da duniya ke sarrafawa a shekara ba ta wuce tan miliyan 2 ba. Yanzu ta haura tan miliyan 400.

Tun da ba wanda ke zuwa ya zuba garin roba a teku, daga ina yake fitowa?

Mafi yawansa daga manyan kaya ne da aka yar. Roba ba ta ruɓewa yadda ganye ko takarda ke ruɓewa. Abin da ke faruwa shi ne zafin rana yana gasa ta har ta bushe ta yi ƙarau, igiyar ruwa ta riƙa buga ta da duwatsu, yashi ya riƙa gurzarta, sai ta tsage, tsagin ya sake tsagewa. Leda ɗaya ko gora ɗaya ko tsohuwar komar masunta sai ta zama dubban gutsattsari, kowanne kuma roba ne har yanzu. Ba inda wannan marmashewa ta fi sauri kamar kan yashin gaɓa, domin a nan rana da zafi da gurza suke haɗuwa.

Akwai kuma wanda tun daga tudu yake isowa a ƙanana, kuma nan ne mutane da yawa ke mamaki. Tufafin da aka saƙa da foliyesta da nailan da akirilik roba ne, kuma duk wanki suna zubar da zare siriri da ba a gani. Wani gwaji da aka yi a Plymouth a 2016 ya nuna wankin kaya mai nauyin kilo 6 a inji na iya sakin zarurruka sama da 700,000. Tayar mota ma haka. Duk tayar da ta sule, ba ɓacewa ƙashinta ya yi ba, kan kwalta ya zube a matsayin baƙar ƙura, ruwan sama ya wanke shi zuwa kwata, kwata ta kai rafi, rafi ya kai teku. Fentin jiragen ruwa da na layin titi duk suna ɓarewa su bi wannan hanya.

Sai ƙwayoyin robar masana'anta, 'yan dunƙule-dunƙulen da ake narkawa a ƙera kujeru da bokitai da sauransu. Ana jigilarsu a jiragen ruwa, kuma idan haɗari ya auku ɓarnar ba ta misaltuwa. A watan Mayun 2021 jirgin dakon kaya X-Press Pearl ya kama da wuta kusa da Kolombo a Siri Lanka, ya nutse daga baya, ya zubar da kimanin tan 1,680 na waɗannan ƙwayoyi. Gaɓar garin Negombo da ke arewa da Kolombo ta lulluɓe da su, sojoji da 'yan sa-kai suka shafe watanni suna kwasa da shebur, aka hana masunta shiga ruwa. A Durban ta Afirka ta Kudu ma an yi makamancin haka a 2017, lokacin da guguwa ta jefa kwantenoni cikin ruwan tashar jiragen, kusan tan 49 suka bazu a gaɓa.

Me ya sa ake ware bakin teku da tafkunansa, alhali tekun gaba ɗaya ya gurɓata?

Domin nan ne ƙofar shiga, kuma nan ne masauki. Labarin tarin sharar da ke yawo a tsakiyar tekun Pasifik ya sa mutane na ganin matsalar can nesa take. A gaskiya yawancin robar da ta bar tudu ba ta yin nisa. Koguna na kawo ta, iska da igiyar ruwa na maido ta gaɓa, yashi na binne ta, guguwa ta tono ta, ta sake komawa ruwa ta dawo. Wani bincike na 2021 ya ƙiyasta cewa koguna sama da 1,000 ne ke kai kashi 80 cikin 100 na robar da koguna ke zubawa a teku, kuma da yawansu ƙananan koguna ne da ke ratsa biranen bakin teku, irin Kogin Pasig da ke bi ta Manila.

Tafkunan bakin teku su suka fi shan wuya. Irin wannan tafki ruwa ne marar zurfi da tudun yashi ya raba da teku, sai 'yar kafa da ruwa ke shiga da fita. Kogi na zubo masa kaya, magudanan birni na zubo masa kaya, amma hanyar fita ƙunci gare ta. Ruwan na daɗewa a ciki, kamar gurɓataccen ruwan da aka ajiye a kwano, duk abin da ke cikinsa sai ya kwanta a ƙasa. A tafkin Venice na Italiya, binciken da aka wallafa a 2013 ya sami gutsattsari daga 672 zuwa 2,175 a kowane kilo na busasshiyar laka, kuma sun fi yawa a lungunan ciki inda ruwa ba ya motsi sosai. An sami irin wannan gurɓata a tafkin Bizerte na Tunisiya da tafkin Legas da wasu da dama.

Abin da ya sa wannan ya fi damuna shi ne waɗannan wurare su ne gidan renon teku. A cikin ruwansu mai natsuwa, da tsakanin saiwoyin itatuwan mangurof masu tsirowa a ruwan gishiri, kifaye da jatan lande da ƙaguwa ke yin ƙuruciyarsu kafin su fita babban ruwa. Saiwoyin da ke ba su mafaka su ne kuma ke tare roba su riƙe ta. Wato inda halittu suka fi rauni nan ɓurɓushin ya fi taruwa.

Ko wurin da ba kowa bai tsira ba. Tsibirin Henderson a kudancin Pasifik babu mai zama a kansa, amma binciken da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta gutsattsarin shara kusan miliyan 38 a gaɓarsa, galibi roba, kuma kusan kashi biyu cikin uku a binne suke ƙarƙashin yashi.

Roba ai a saman ruwa take yawo. Yaya take kaiwa ƙasa?

Ba kowace ba. Irin wadda ake yin leda da murfin gora ba ta kai ruwa nauyi ba, tana iyo. Wadda ake yin jikin gorar ruwa da bututun famfo da nailan ta fi ruwan teku nauyi, nutsewa take. Mai iyon ma ba ta dawwama a sama. Gansakuka da ƙwayoyin halitta na manne mata har ta yi nauyi ta gangara.

Wace illa yake yi wa halittun ruwa?

Suna cinsa a zaton abinci ne, ko kuma ya shige musu ba da niyya ba. Kawa da danginta masu ɓawo ta hanyar tace ruwa suke ci, don haka duk abin da ke cikin ruwan sai ya bi ta jikinsu. Tsutsotsin laka na haɗiye shi tare da laka. Ƙananan halittun da kifaye ke rayuwa a kansu, idan aka sa musu ɓurɓushin roba a ɗakin gwaji, sai cin abincinsu na gaske ya ragu, domin ciki ya cika da abin da ba ya gina jiki. Masu bincike a Faransa sun gwada kawa a 2016, waɗanda aka sa wa ɓurɓushin roba a ruwansu yawan ƙwansu ya ragu da kashi 38 cikin 100. Ya kamata a faɗi cewa a irin waɗannan gwaje-gwaje sau da yawa ana zuba robar fiye da yadda take a teku. Sai dai a tuna, ta tekun ƙaruwa take kullum, ba ta raguwa.

Bayan toshe ciki akwai batun guba. Ana haɗa roba da sinadarai don ta yi laushi ko launi ko ta jure zafi, kuma suna tsatsowa cikin ruwa. Misali mafi bayyana ya fito ne daga yankin Seattle na Amurka, inda aka daɗe ana ganin wani nau'in kifin salmon na mutuwa a rafuka bayan ruwan sama. A 2020 aka gano dalilin: wani sinadari da ake sa wa taya don kada ta tsage, wanda ke rikiɗa ya zama guba idan ya haɗu da iska. Haka kuma guntun roba na tsotsar tsofaffin gubobin da ke cikin ruwa, irin maganin ƙwari na DDT, ya yi yawo da su, ƙwayoyin cuta ma na samun wurin zama a bayansa.

Mutum fa, yana shiga jikinsa?

Yana shiga. Kifin da ake fede wa ciki kafin a ci ya fi sauƙi, tun da yawancin robar a hanji take. Ƙananan kifaye da kawa da ake ci gaba ɗaya kuwa, da abin da ke cikinsu ake haɗiye su. Gishirin teku ma bai kuɓuta ba: a binciken 2018 da aka gwada nau'in gishiri 39 daga ƙasashe daban-daban, 36 na ɗauke da ɓurɓushin roba. A 2022 masu bincike a Holan sun same shi a jinin mutum 17 cikin 22 da suka gwada.

Batun cutarwa shi ne ake kan bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 hujjojin da ke hannu ba su nuna babban haɗari daga ruwan sha ba, ta kuma nemi a zurfafa bincike. A 2024 wasu likitoci a Italiya suka wallafa sakamakon bibiyar majinyata 257 da aka yi wa aikin jijiyar wuya. Waɗanda aka sami roba a kitsen da ya toshe jijiyarsu sun fi sauran fuskantar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa da kusan ninki huɗu da rabi. Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa robar ce sanadi ba. A ganina wannan bai isa dalilin guje wa kifi ba, domin ƙurar ɗaki da ruwan gora ma hanyoyi ne da roba ke shiga jiki. Amma ya isa dalilin daina ɗaukar lamarin da wasa.

Ba za a iya tace shi a kwashe ba?

Idan ya riga ya gauraya da yashi da laka, kusan a ce an makara. Duk rariyar da za ta kama guntun da bai kai milimita ɗaya ba, za ta kama ƙwan kifi da ƙananan halittun da rayuwar teku ta dogara a kansu. Tone lakar tafki kuwa rusa gidan abin da ake son cetowa ne.

Shi ya sa ba na yarda da masu raina aikin share gaɓa. Gora ɗaya da aka ɗauke yau, dubban gutsattsari ne aka hana haihuwa. Haka shingen da ake girkawa a bakin kwata da kogi don tare shara kafin ta isa teku. Matatun ruwan ƙazanta na zamani suna kama sama da kashi 90 cikin 100 na ɓurɓushin da ke biyo ruwan wanki, sai dai yana taruwa ne a cikin dagwalon da suke fitarwa, wanda a ƙasashe da yawa ake zubawa a gonaki a matsayin taki, ruwan sama kuma ya sake wanko wani ɓangarensa. Garuruwan bakin teku da yawa ma ba su da matatar kwata-kwata.

Ledar da ake cewa tana narkewa da kanta fa?

A yi hattara da ita. Wata irin an sa mata sinadari ne kawai don ta yi saurin marmashewa, wato ta yi saurin zama ɓurɓushi, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta ta daga 2021. Waɗanda ke ruɓewa da gaske ma yawanci sai a wurin sarrafa taki mai zafi sosai, ba a cikin ruwan teku mai sanyi ba.

Me gwamnatoci ke yi a kai?

An fara da mai sauƙi. Amurka ta kafa doka a 2015 ta hana sa 'yan ƙwayoyin roba a sabulun goge fuska da man goge baki, Birtaniya ta bi sahu a 2018, Tarayyar Turai kuma ta faɗaɗa hanin a 2023 zuwa kayayyaki da dama da ake zuba wa ɓurɓushin roba da gangan. Bangladesh ta hana siraran ledoji tun 2002, Ruwanda a 2008, Kenya a 2017. Duk matakai ne masu kyau, amma ba su taɓa taya da tufafi ba, ba su kuma rage yawan robar da masana'antu ke fitarwa ba, alhali daga duk sharar robar da duniya ta tara zuwa 2015 kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa.

A watan Maris na 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi cewa za a tsara yarjejeniyar duniya kan gurɓatar roba a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. An zauna a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 aka tashi baram-baram, aka sake zama a Geneva a watan Agustan 2025, nan ma ba a daidaita ba. Babban abin da ya raba su shi ne wannan. Ƙasashe da yawa, ciki har da ƙananan tsibirai da sharar wasu ke sauka a gaɓarsu, suna son a ƙayyade yawan robar da za a riƙa sarrafawa. Manyan masu arzikin man fetur, wanda daga shi ake yin robar, sun ce a tsaya a kan kwashe shara da sake sarrafa ta.